Shin Aikin Mai Gabatar da Hasashen Yanayi ne Ya Yi Wa Jama'a Bayanin Sauyin Yanayi?

Sabuwar Ma'aikaciya ta rubuta:

Assalamu alaikum, iyayena da yayyena na wannan zaure. Ina aiki a wata tashar talabijin ta jiha a arewa maso yammacin Najeriya, kuma kwanan nan aka ɗora mini gabatar da hasashen yanayi bayan labaran dare. Aikin nawa shi ne in karɓi bayanan da Hukumar Kula da Yanayi ta Ƙasa, wato NiMet, take fitarwa kullum, in mayar da su Hausa, sannan in tsaya gaban taswira in faɗi inda ake sa ran ruwa, inda hazo zai sauka, da kuma yadda zafi zai kai a manyan garuruwa. Lokacin da aka ware mini bai wuce minti biyu ba.

Abin da ya sa na kawo maganar nan shi ne saƙonnin da masu kallo suke aiko mana. Wasu suna tambayar dalilin da ya sa daren bazara ya daina yin sanyi ko da asuba, wasu kuma suna so su ji abin da ya sa ruwan damina yake makara, sannan ya zo ya zuba kamar da bakin ƙwarya a watan Agusta da Satumba. Shugaban sashenmu yana ganin hasashe maganar gobe da jibi ce kawai, batun sauyin yanayi kuwa a bar wa shirin tattaunawa inda ake gayyato masana. Wani abokin aikina kuma yana ganin babu wanda ya fi mai hasashe cancantar yin wannan bayani. Ni karatuna na aikin jarida ne, ban karanci kimiyyar sararin samaniya ba, don haka ina tsoron in faɗi abin da ya fi ƙarfin sanina. Ina roƙon waɗanda suka san yadda ake yi a wasu ƙasashe su haska mini, musamman a kan iyakar abin da ya halatta mai hasashe ya faɗa.

Bazazzagi a Amurka ya rubuta:

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Wannan muhawara da kuke yi a ofishinku an yi ta a nan Amurka da zafi ƙwarai, kuma abin mamaki, masu hasashen ne da kansu suka fi kowa jan ƙafa tun farko. A shekarar 2010 masu bincike na Jami'ar George Mason da ke jihar Bajiniya suka ji ra'ayin masu gabatar da hasashe a gidajen talabijin na ƙasar, suka tarar waɗanda suka yarda duniya tana ɗumama sun ɗara rabi ne da kaɗan, kuma kusan ɗaya cikin huɗu suna ganin maganar gaba ɗaya yaudara ce. John Coleman, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa tashar Weather Channel a 1982, har ya rasu a 2018 yana musun lamarin. Akwai dalilin da ya sa haka, kuma ya kamata ki fahimce shi domin masu kallonki ma za su kawo miki shi. Mai hasashe ya san cewa idan aka wuce mako guda ko kwana goma, na'urorinsa sukan fara kuskure, saboda haka yakan ce a ransa, wanda ya kasa faɗin ruwan mako mai zuwa yaya zai faɗi zafin shekara hamsin? Amsar ita ce tambayoyin biyu ba ɗaya ba ne. Babu wanda zai iya gaya miki ko za a yi ruwa a Funtuwa ranar 12 ga Agustan baɗi, amma kowa ya san Afrilu zai fi Janairu zafi. Masanin sauyin yanayi yana duba matsakaicin shekaru masu yawa ne, kuma ma'aunin da Hukumar Kula da Yanayi ta Duniya take amfani da shi shekara 30 ne.

A wannan shekarar ta 2010 wani mai hasashe mai suna Jim Gandy, na tashar WLTX a birnin Kolombiya na jihar Karolina ta Kudu, ya amince a gwada wani abu da shi. Jihar tasu tana cikin wuraren da mutane da yawa ba sa son jin batun. Ya haɗa kai da jami'ar da na ambata da wata ƙungiya mai suna Climate Central, suka riƙa shirya gajerun bayanai masu taken Climate Matters, waɗanda ba su tsaya kan narkewar ƙanƙarar can kuryar arewa da kudancin duniya ko taron shugabanni ba. Maganar garinsu kawai yake yi: yawan ranakun tsananin zafi da ake samu a da da kuma yanzu, da yadda ruwa mai ƙarfi yake ƙaruwa. Da aka bibiyi masu kallonsa daga baya, an ga fahimtarsu ta ƙaru fiye da ta masu kallon sauran tashoshin garin. Daga nan shirin ya bazu, har ta kai yanzu ƙungiyar tana aika wa dubban masu hasashe da 'yan jarida zane-zane da alƙaluman garuruwansu kyauta. Binciken da aka sake yi bayan wasu shekaru ya nuna fiye da kashi 90 cikin ɗari na masu hasashen sun yarda yanayi yana sauyawa.

Dalilin da ya sa aka zaɓi masu hasashe kuwa a fili yake. Yawancin mutane ba su taɓa zama da masanin kimiyya ba, amma mai hasashe yana shiga ɗakinsu kowane dare, kuma abin da ya faɗa yau, gobe za su leƙa waje su gani ko ya tabbata. Gani ya kori ji. Wannan amana da aka tara a hankali ita ce jarinsa.

Sai dai ba zan ɓoye miki ba, abin yana da tsada. Chris Gloninger, babban mai hasashe na tashar KCCI a birnin Des Moines na jihar Ayowa, ya riƙa haɗa hasashensa da bayanin ɗumamar duniya, sai aka fara aiko masa da saƙonnin zagi, har wani ya yi masa barazanar kisa a 2022. A 2023 ya ajiye aikin, ya kuma bayyana cewa abin ya taɓa lafiyar ƙwaƙwalwarsa. A watan Oktoban 2024 kuma John Morales, tsohon hannu a tashar NBC 6 ta Miyami, yana cikin bayanin yadda mahaukaciyar guguwar Milton ta ƙara ƙarfi cikin sa'o'i ƙalilan a Tekun Meziko, sai muryarsa ta karye a gaban kyamara, ya nemi afuwa, sannan ya danganta lamarin da zafin da ruwan tekun ya yi. Wasu sun yaba masa, wasu sun ce ya bar aikin kimiyya ya koma wa'azi. A ganina, ke kina da sauƙi ɗaya da su ba su da shi: a ƙasarmu batun bai zama tutar wata jam'iyya ba.

'Yar Damagaram ta rubuta:

'Yar'uwa, mu nan Nijar da yawanmu muna kallon tashoshin Faransa, don haka bari in ƙara da abin da ya faru a can, domin su sun wuce inda Malam ya tsaya.

A 2014 Hukumar Kula da Yanayi ta Duniya ta roƙi masu hasashe na ƙasashe daban-daban su gabatar da hasashen wata rana ta shekarar 2050, bisa lissafin masana. Évelyne Dhéliat ta tashar TF1 ta tsaya gaban taswirar Faransa jajir, ta ce ranar 18 ga Agustan 2050 zafi zai kai digiri 40 a Paris. Ba a jira 2050 ba. Ranar 25 ga Yulin 2019 aka auna digiri 42.6 a Paris, kuma a watan Yuni na shekarar an auna 46 a kudancin ƙasar. Hukumar yanayi ta Birtaniya ma ta yi irin wannan hasashe na gwaji mai nuna digiri 40 a 2050, sai ga shi ranar 19 ga Yulin 2022 an auna 40.3 a Coningsby, karon farko a tarihin ƙasar da aka haura 40.

A watan Maris na 2023 tashoshin gwamnati na France 2 da France 3 suka sauya fasalin shirin baki ɗaya. Suka tsawaita shi, suka haɗa hasashen gobe da bayanin sauyin yanayi a wuri ɗaya, masu kallo suna aiko da tambaya, masani yana amsawa. Abin da ya fi burge ni shi ne mai gabatarwar ba ta mayar da kanta masaniya ba, tana miƙa tambayar ne ga mai ita. Ina ganin wannan ya amsa tsoron da kika ambata game da karatunki. A Yamai muna da cibiyoyin nazarin yanayi biyu, AGRHYMET da ACMAD, ku kuma kuna da ma'aikatan NiMet da malaman jami'o'i a kusa da ku. Tambaya ɗaya a mako, a ɗauki amsar malami na daƙiƙa arba'in, ya wadatar a fara.

Kuma mutanenmu ba sa bukatar a lallashe su kafin su yarda wani abu ya sauya. A daminar 2024 ambaliya ta shafi fiye da mutum miliyan ɗaya a Nijar, kuma tsohon masallacin ƙasa na unguwar Birni a nan Damagaram, wanda ya tsaya tun ƙarni na 19, ya rushe a farkon Satumba mutane suna kallo. Abin da suke nema shi ne a gaya masu dalili, da abin da za su sa rai nan gaba.

Tsohon Ɗan Jarida ya rubuta:

'Yata, na karanta amsoshin biyu, kuma ban musa ko ɗaya daga cikin alƙalumansu ba. Amma ina so in tsaya wa shugaban sashenku kaɗan, domin na yi shekaru a ɗakin labarai, na kuma ga yadda kalma mai kyau take zama mafakar masu sakaci.

Tun da maganar sauyin yanayi ta shigo bakin jami'ai, duk ambaliyar da aka yi sai ka ji an ce ai sauyin yanayi ne, a rufe zancen. Magudanar ruwa ta cika da leda da shara shekara da shekaru, an sayar da filin da ruwa yake bi an gina shaguna, an yanka fuloti a cikin fadama, amma idan ruwa ya ci unguwa sai a ɗora laifin a kan hayaƙin masana'antun Turai. Ki dubi abin da ya faru a Maiduguri ranar 10 ga Satumban 2024, lokacin da madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle, ruwa ya mamaye babban ɓangaren birnin, shekara 30 bayan ambaliyar 1994. An yi ruwa mai yawa a wannan damina, babu shakka, amma rahotanni sun nuna an daɗe ana kokawa a kan halin da madatsar take ciki. In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Mai hasashen da ya fito a wannan dare ya ce sauyin yanayi ne ya jawo, ya yi shiru, to ya wanke mutanen da ya kamata su amsa tambayoyi, ko da bai yi niyya ba.

Abu na biyu, amanar da Malam Bazazzagi ya ambata tana da saurin zubewa. Idan kika danganta kowane zafi da kowace iska da ɗumamar duniya, ranar da hunturu ya yi tsanani mutane suka kwana suna jin wuta, za su tambaye ki ina ɗumamar ta tafi, kuma daga nan ko hasashenki na gobe ba za su ƙara ɗauka da muhimmanci ba. Yankinmu na Sahel dama can yanayinsa mai hawa da sauka ne. Mun ga farin 1973 da na 1984, ruwa kuma ya ɗan farfaɗo daga shekarun 1990. Ko Tafkin Chadi da ake yawan kafa hujja da shi, babbar raguwarsa ta faru ne a shekarun farin nan, daga baya bai ci gaba da ƙafewa yadda ake faɗa a taruka ba. Wanda bai san wannan tarihi ba zai yi saurin yanke hukunci.

Na uku, ki kula da harshe. Dattijon da yake kallonki ya yi imani ruwa na Allah ne, kuma yana da gaskiya. Idan kika yi magana kamar mai riƙe da makullin sama, kin rasa shi. Ki ce ana sa ran kaza da yardar Allah, ki bayyana sababi a matsayin sababi. Mutanen da suka taso da labarin Annabi Yusuf, alaihis salam, da tanadin shekara bakwai, ba baƙi ba ne ga batun shirya wa abin da ke tafe.

Ban ce kada ki yi ba. Na ce kada ki yi shi kullum, kuma kada ki yi shi ba da hujja a hannu ba.

Malamin Gona ya rubuta:

Malama, ni aikina da manoma ne, kuma abin da zan ƙara kaɗan ne. A farkon kowace shekara NiMet tana fitar da hasashen damina gaba ɗaya, wanda yake nuna lokacin da ake sa ran ruwa zai kankama a kowace jiha, lokacin ɗaukewarsa, tsawon daminar, da wuraren da za a iya samun tsaikon ruwa bayan an yi shuka. Ana ma fassara shi zuwa Hausa. Hukumar NIHSA, mai lura da yanayin ruwan koguna a Najeriya, kuma tana fitar da nata hasashen na ambaliya. Mafi yawan manoman da nake hulɗa da su ba su taɓa jin ko ɗaya ba. Ruwan farko yana sauka sai su fita da iri, ruwa ya ɗauke mako biyu ko uku, shuka ta ƙone, a sake sayen iri da tsada. Idan kika ɗauki wannan takarda kika riƙa tunatar da mutane abin da ta ce game da ƙananan hukumominsu, kika bayyana dalilin da ya sa ake ba su shawarar iri mai saurin nuna, kin yi bayanin sauyin yanayi ke nan ta ƙofar da ta shafi rumbunsu. Ina kuma roƙon ki nemi sashen rediyo su riƙa maimaita muryar shirin da safe, domin a ƙauye rediyo ne yake isa, kuma sau da yawa babu wutar lantarki a lokacin labaran dare.

Sabuwar Ma'aikaciya ta sake rubutawa:

Allah ya saka maku da alheri baki ɗaya. Baba, gargaɗinka ya shige ni, domin shi ne ainihin abin da nake tsoro. To amma a aikace, idan aka yi ruwan da ya rushe gidaje ko zafin da ya kwantar da mutane a asibiti, kuma masu kallo suka tambaye ni kai tsaye ko sauyin yanayi ne, ta yaya zan gane abin da hujja ta goyi baya da abin da ba ta goya ba?

Bazazzagi a Amurka ya sake rubutawa:

Ƙanwata, Baba ya faɗi gaskiya, kuma masanan da suke wannan aiki da gaske suna tare da shi. Ki raba maganar gida biyu.

Akwai abin da ya tabbata, wanda za ki iya faɗa kowace rana ba tare da fargaba ba. Iskar kabon da ke sararin sama ta tashi daga kimanin kaso 280 cikin miliyan kafin zamanin masana'antu zuwa sama da 420 a yau, galibi saboda ƙona kwal da man fetur da gas da kuma sare dazuzzuka. Shekarar 2024 ita ce mafi zafi da aka auna zuwa lokacin, da kimanin digiri 1.5 sama da na wancan zamani. Kuma duk ƙarin digiri ɗaya yana ba iska damar ɗaukar ƙarin tururin ruwa da kusan kashi 7 cikin ɗari, wanda shi ya sa idan hadari ya tashi zubarwa yakan zubar da yawa a lokaci ɗaya.

Akwai kuma hukunci a kan wani lamari guda, wanda sai an yi bincike. Wata ƙungiyar masana mai suna World Weather Attribution tana yin wannan cikin makonni kaɗan, ta hanyar kwatanta duniyar yau da duniyar da ba a ɗumama ba a cikin kwamfuta. Game da ambaliyar 2022 da ta kashe fiye da mutum 600 a Najeriya, sun gano cewa sauyin yanayi ya ninka yiwuwar irin wannan damina a yankin Tafkin Chadi kusan sau 80, ya kuma ƙara yawan ruwan da kimanin kashi 20 cikin ɗari. Amma a cikin rahoton nan sun ambaci gine-gine a hanyar ruwa da yadda ake sakin ruwan madatsu, irin su Lagdo ta Kamaru. Game da zafin ƙarshen azumin 2024, lokacin da aka auna digiri 48.5 a Kayes ta ƙasar Mali ranar 3 ga Afrilu, sun ce da ba don ɗumamar da ɗan Adam ya jawo ba, da bai kai haka ba. Da suka duba rikicewar daminar 2021 a tsakiyar Sahel kuwa, sun fito fili sun ce ba su iya yanke hukunci ba, saboda tashoshin auna yanayi sun yi ƙaranci a yankin. A farin kudancin Madagaska ma sun ce sauyin yanayi bai taka babbar rawa ba, talauci da hawa da saukar damina ne suka fi tasiri.

Saboda haka a daren da abin ya faru, za ki iya cewa ruwan da aka auna milimita kaza ne, wanda aka saba samu a wannan wata kuwa kaza ne, masana sun nuna irin wannan ruwa mai ƙarfi yana ƙaruwa yayin da duniya take ɗumama, amma yawan ɓarnar ya danganta da magudanai da wurin da aka yi gini, kuma sai an bincika kafin a san rabon kowanne. Wannan bai fi daƙiƙa ashirin ba. Abin da za ki fara nema shi ne tsofaffin alƙaluman zafi da ruwa na tashar auna yanayi mafi kusa da ku, yawanci tana filin jirgin sama. Ki sa shugaban sashenku ya rubuta wa ofishin NiMet a hukumance ya nemi na shekara 30 da suka wuce, wata-wata, domin da su ne za ki iya faɗin abin da aka saba samu a kowane wata, ki kwatanta shi da wanda aka auna a ranar.